Durowar Inna

A garin Safana akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana zaune da babanta da kakarta. Innarta ta rasu bara da damina, bayan ta yi jinya ta kwana tara.

Sunan Kaka aka sa wa yarinyar. Shi ya sa Kaka take ce mata takwara, Baba kuma yana ce mata Uwata.

A ɗakinsu akwai wata durowa mai loka uku. Ba kafinta ne ya ƙera ta ba. A cikin kwali ta zo, katako daban, notuna daban, da 'yar takarda mai zane.

Inna ce ta sayo ta a Katsina, shekarar da suka taso daga Runka saboda rashin tsaro. Ranar da suka taso, a can suka bar babban kabad ɗinta, don ba ya hawa babur. Inna ta daɗe abin yana yi mata ciwo. Da ta tashi sayen wata sai ta ce, "Wannan karon mai kwancewa nake so. In tafiya ta sake kama mu, a kwance ta a ɗaure a bayan babur."

Ita da kanta ta haɗa ta. Ta zauna a kan tabarma tun hantsi har la'asar, tana duba zane tana ɗaure noti, yarinyar tana miƙa mata ƙusoshi. Da Baba ya dawo daga gona ya ga durowa a tsaye, sai ya riƙe baki.

Lokar sama ta Inna ce. Ta tsakiya ta yarinyar. Ta ƙasa ta Baba.

Da aka raba kayan Inna, durowar ta faɗo a rabon yarinyar. Sai ta tattara duk abin da ya rage na Inna ta zuba a lokar sama. Ga zannuwa shida. Ga kwanon sha. Ga dutsen guga mai nauyi. Dama can akwai takardun gida a ciki, da wani guntun kyandir da ba a taɓa kunnawa ba. Ta ture kyandir ɗin can lungu, ta danna kaya, ta rufe.

Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta buɗe lokar. Ba ta ɗaukar komai. Tana so ne kawai ta ji ƙanshin turaren Inna a jikin zannuwan.

A hankali lokar ta fara gardama. In ta ja, sai ta yi ƙara, ƙiii. Wata rana sai ta dafa durowar da gwiwa kafin ta fito.

Ran nan Kaka tana matsar man gyaɗa a tsakar gida. Yarinyar ta tuna yadda Baba yake ɗiga wa sarƙar kekensa mai. Ta ce a ranta, "Ai abu in ya ƙi tafiya, mai yake so."

Ta jira Kaka ta shiga alwala. Ta ɗebi cokali uku a murfin kwano, ta shige ɗaki. A kowane gefe na durowar akwai siririn katako da lokar take gudu a kai. Ta tsiyaya mai a kansu, ta shafe da yatsa.

Ta tura lokar, ta shige sumul. Ta jawo ta, ta fito sumul. Yarinyar ta yi tsalle.

Daga tsakar gida Kaka ta ce, "Takwara, wa ya taɓa min mai?"

"Ƙila kaji ne, Kaka."

"Ikon Allah! Kajin gidan nan har cokali suka iya riƙewa?"

Yarinyar ta yi dariya ta wuce. Ba ta faɗi gaskiya ba.

Bayan kwana huɗu ta buɗe lokar ta ga kiyashi. Sun yi layi tun daga ƙasa har sama. Man kuma ya kama ƙura, ya zama baƙi, yana danƙo. Ta ruga ta kaɗa omo a roba, ta jiƙa tsumma sharkaf, ta wanke gefen lokar ciki da waje. Ta ƙara watsa ruwa a lungu don ta kori sauran kiyashin. Sannan ta mayar da lokar, ta rufe da ƙarfi kada Kaka ta gani.

Washegari Litinin ce. A wurin taron safe hedimasta ya ce, "'Yan aji shida, kowa ya kawo takardar haihuwarsa za a yi masa rajistar jarrabawar shiga sakandare. Litinin mai zuwa za mu rufe."

Yarinyar ta san inda tata take. Tana cikin lokar sama, a ƙarƙashin zannuwan Inna.

Tana dawowa gida ta ja lokar. Ko motsi. Ta ja da hannu biyu. Ko motsi. Ta sa ƙafa ta ja da dukkan ƙarfinta, sai mariƙin ya ɓalle, ta faɗi zaune daɓas.

Da yamma Baba ya gwada. Ya ja, ya girgiza, ya buga gefenta da tafin hannu. Lokar ta ƙi.

"Gobe zan kira Lado," in ji shi.

Lado kafinta ne a bakin tasha. Mutum ne mai surutu da dariya. Ya zo da sassafe, fensir a bayan kunne. Ya gaida Kaka har ƙasa, ya tambayi gida da gona, sannan ya shiga ɗaki. Ya ƙwanƙwasa durowar da yatsa, ya sunkuya ya sansana.

"Malam, wa ya soya ƙosai a cikin durowar nan?"

"Ƙosai kuma?" in ji Baba.

"Man gyaɗa nake ji. Ga kuma ruwa an sha da ita. Dubi yadda gefen ya kumbura."

Kaka ta juyo ta dubi yarinyar. Kallon kawai ya isa.

Yarinyar ta durƙusa. Ta ce, "Baba, ni ce. Na sa mata mai don ta riƙa gudu. Da kiyashi suka zo na wanke ta da ruwa. Kaka, ba kaji ba ne, ni na ɗebi man."

"Ai na sani," in ji Kaka. "Kajina ba su da ƙarya."

Lado ya kaɗa kai. Ya ce, "Irin wannan katakon na kwali ba ya gyaruwa. In ya sha ruwa, ya mutu. A ba ni wuri in fasa gaban lokar da guduma a ciro takarda. Sauran katakon a yi wa kaji akurki."

"A'a!" Yarinyar ta miƙe ta rungume durowar. "Baba, don Allah kada a fasa. Inna ce ta haɗa ta."

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Shi ma tun rasuwar bai taɓa matsar da durowar daga inda Inna ta ajiye ta ba.

Can ya ce, "Uwata, ni ma ba na so. Amma karatunki ya fi katako. Na ba ki zuwa Asabar. In ba ta buɗu ba, Lado zai fasa."

"Zan zo da babbar gudumata," in ji Lado.

A makaranta ranar ba ta ji komai a aji ba. Da aka fita tara, ta zauna ita kaɗai a gindin bedi. Malam Almustapha, malamin kimiyya, yana zaune a kan benci zai dama fura. Ya hango ta.

"Ke, zo nan. Yau ba a wasan gaɗa da ke?"

Ta zo ta gaishe shi. Ta kwashe labari duka ta faɗa masa, har da na kaji.

Malam ya yi murmushi. Ya gutsuri dunƙulen fura ya nuna mata.

"Wannan da me aka yi shi?"

"Da garin gero, Malam."

"Ya aka yi ya zama dunƙule?"

"An kirɓa shi, an matse."

Ya jefa gutsuren a kofin ruwa. Ya ce ta kalla. Jim kaɗan ya fara kumbura, gefensa yana zubewa.

"To haka katakon durowarku yake. Ba itace ba ne da aka yanko daga bishiya. Garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse. Ruwa abokin gabansa ne. Mai kuma yana shiga jikinsa, ya kira ƙura da kiyashi."

"To me ake sa masa, Malam?"

"Busasshen abu. Kyandir, ko busasshen sabulu. A goga kaɗan a inda lokar take gudu."

"Amma ai ta ƙi buɗuwa."

"Ki bar ta ta sha iska tukuna. A inuwa, ba a rana ba. Wa ya haɗa ta?"

"Innata."

"Allah Ya jiƙanta. Kina wurin?"

"Ina wurin."

"To ki tuna abin da ta sa a ƙarshe. Abin da aka haɗa da hannu, ana iya kwance shi da hannu. Daga na ƙarshe ake farawa."

Ya buɗe jakarsa ya ba ta guntun samfefa, wato takardar nan mai kaushi da ake goge katako da ita.

A hanyar gida tana ta tunani. Me Inna ta sa a ƙarshe? Ta tuna tabarma. Ta tuna takarda mai zane. Ta tuna Inna ta kifar da durowar, ta ce, "Miƙo min ƙananan." Sai ta tsaya cak a tsakiyar hanya.

Bayan durowar! Wani siririn falle ne kamar kwali, da ƙananan ƙusoshi aka kafa shi. Ita ce ma ta ƙirga su a tafin hannunta. Guda ashirin.

Ta shiga gida da gudu.

"Baba! Ba ta gaba za a bi ba, ta baya ce!"

Baba ya saurare ta har ta gama. Suka janye durowar daga jikin bango. Suka zare lokar tsakiya da ta ƙasa. Suka buɗe taga da ƙofa don iska ta ratsa.

Yarinyar ta leƙa ta ƙasan lokar sama. Nan ta ga wani abu kuma. Gindin lokar ya lotsa kamar cikin jaki mai ɗauke da kaya. Ya sauko har ya tokare da katakon da ya gitta a gaba.

"Baba, duba. Dutsen guga ne. Na cika mata kaya."

"Laifi uku ke nan," in ji Kaka daga bakin ƙofa. "Mai, ruwa, da lodi. Takwara, ke direbar akori-kura ce?"

Laraba ta wuce. Alhamis ta wuce. Juma'a ta wuce. Kullum yarinyar tana taɓa katakon ta ji ko ya bushe. In za ta yi shara, ta daina yayyafa ruwa kusa da shi.

Ranar Asabar da hantsi Lado ya yi sallama. Guduma tana kafaɗarsa.

"Ina mara lafiyar? Na zo da maganinta."

"Kawu Lado, ina kwana? Don Allah filaya za ka ara min, ba guduma ba."

"Filaya? Yau ga sabon kafinta a Safana!" Ya zaro ta daga aljihu ya miƙa mata. Ya ja kujera ya zauna yana dariya.

Yarinyar ta zagaya bayan durowar. Ta yi bisimilla. Ta sa bakin wuƙa a ƙarƙashin fallen ta ɗaga kaɗan, kan ƙusa ya fito. Ta kama shi da filaya ta zare. Ta jefa a kwano. Ɗaya.

A ƙusa ta bakwai ta matse yatsa, ta yi ƙara, amma ba ta tsaya ba. Kaka tana ƙirgawa da ƙarfi. Sha takwas. Sha tara. Ashirin.

Fallen ya fita lafiya, bai tsage ba. Ga bayan lokar Inna a fili.

"Baba, ka sa hannu ta ƙasa ka ɗaga gindin. Ni zan tura ta baya."

Baba ya durƙusa ya tallafe gindin lokar da tafukansa. Yarinyar ta dafa da hannu biyu, dama da hagu daidai. Ta tura.

Shiru.

Lado ya ɗaga guduma ya ɗora a cinya.

"Baba, ƙara ɗagawa kaɗan."

Ta ja numfashi. Ta sake turawa a hankali. Sai aka ji ƙiii. Lokar ta matsa kamar faɗin yatsa. Ta ƙara. Ta matsa kamar tafin hannu. Ta ƙara, sai ga loka ta fito gaba ɗaya a hannun Baba!

Kaka ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Lado ya miƙe tsaye, fensir ya faɗo daga kunnensa.

Ƙanshin turaren Inna ya cika ɗakin.

Yarinyar ta fara fitar da kaya. Zanen da ke gefe ya sha mai, ya yi babban tabo. Shi ne koren da Inna ta fi so. Ta riƙe shi, hawaye ya zubo mata.

"Wannan tabon ba zai fita duka ba," in ji Kaka a hankali. "Ki riƙa ganinsa kina tunawa."

A can ƙasa ga takardu. Inna ta naɗe su a leda, ta ƙulle da zare. Ko ɗigon mai bai taɓa su ba. Baba ya zaro takardar haihuwar ya ce, "Alhamdu lillahi."

A lungu sai ga guntun kyandir ɗin nan. Yarinyar ta ɗauka za ta ajiye gefe. Sai ta ji wani abu a yatsarta. A jikin kyandir ɗin akwai wani dogon rami, santsi, kamar an daɗe ana goga shi a kan abu ɗaya.

Ta dube shi. Ta dubi siririn katakon da lokar take gudu a kai. Ta ɗora kyandir ɗin a kansa. Ramin ya zauna daidai, ba ƙari ba ragi.

"Baba," ta ce da ƙaramar murya. "Ba na kunnawa ba ne."

Yanzu ta tuna. Duk ranar Juma'a takan ga Inna a durƙushe a gaban durowar, an zare lokoki. Ita kuwa tana sauri ta fita wasa. Ba ta taɓa tsayawa ta tambaya ba.

Baba ya karɓi kyandir ɗin ya jujjuya. Ya ce, "Shekara uku durowar nan ba ta taɓa yin ƙara ba. Ashe aikinta ne." Ya juya ya share ido da hannun riga.

Lado ya ajiye guduma a ƙasa. Ya ce, "To, 'yar Malam, tunda kin kunyata ni, bari in biya. Me za a yi yanzu?"

Ita ce ta riƙa faɗa, shi yana taimakawa. Ta goge danƙon man da toka da busasshen tsumma. Ta sa samfefa ta rage inda ya kumbura, kaɗan-kaɗan, tana gwadawa. Lado ya mayar da gindin lokar cikin raminsa, ya bi shi da gam. Ya kawo siririn katako ya gitta a ƙasa don kada ya sake lotsawa. Baba ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure, ya mayar da mariƙin. Suka kafa fallen baya da ƙusoshinsa ashirin. Suka ɗora durowar a kan bulo huɗu, yadda ruwan shara ba zai taɓa ta ba.

Da gam ya bushe, yarinyar ta ɗauki kyandir ɗin Inna. Ta goga a dama sau uku. Ta goga a hagu sau uku. Ta mayar da zannuwa da takardu kaɗai. Dutsen guga da kwanon sha ta ɗora su a kan kantar ɗaki.

Ta sa lokar a bakinta. Ta ɗora yatsa ɗaya ta tura.

Lokar ta shige shuuu, ba ƙara ko kaɗan.

"Sake!" in ji Kaka.

Ta jawo, ta tura. Ta jawo, ta tura. Kaka ma ta zo ta gwada da ɗan yatsanta, ta ce, "Kai, wannan ta fi gwiwata lafiya. Takwara, ko za ki goga min kyandir ɗin?"

Kowa ya fashe da dariya.

A bakin ƙofa Lado ya ce wa Baba, "Mutum uku sun kawo min irin wannan a watan nan, duk na ce su jefar. Gobe zan aika musu su dawo da su." Ya juyo ga yarinyar. "Ki riƙe filayar. Kin fi ni buƙatarta."

Ranar Litinin ita ce ta farko da ta miƙa wa hedimasta takarda. Da Malam Almustapha ya shigo aji, ya kira ta gaban allo. Ya ce ta faɗa wa 'yan aji abin da ta koya.

Ta tsaya ta gyara hijabi. Ta ce, "Kafin ka gyara abu, ka san da me aka yi shi. In ba ka sani ba, ka tambaya. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri. Ni da na ɓoye na farko, sai na ƙara na biyu a kansa."

Aka tafa mata har 'yan aji biyar suka leƙo ta taga.

Tun daga ranar, duk Juma'a kafin ta fita wasa, sai ta zare lokoki uku. Ta share ƙura da busasshen tsumma. Ta taɓa notuna ta ji ko sun saki. Sannan ta ɗora ramin kyandir ɗin a kan siririn katakon, ta goga yadda Inna take gogawa, tana yi mata addu'a.

Durowar tana nan har yau a kan bulonta huɗu, kuma da yatsa ɗaya ake buɗe ta.